Manniru Kure da Sashe na Sha Bakwai

Waɗanda suka san Honarabul Manniru Kure a talabijin sun ɗauka mutum ne marar tsoro. Matarsa, Hajiya Barira, ita ce ta san gaskiya. Shekara ashirin da tara suna tare, ba ta taɓa ganin ya karya kumallo ba ranar da zai yi jawabi. Zai zauna gaban shayi har ya huce, ya shiga banɗaki sau biyu, sannan ya gyara hula ya fita.

A Zariya aka haife shi. Yana da shekara sha biyar mahaifinsa ya kwaso su zuwa Abuja, lokacin rabin garin daji ne da tulin yashi. Tsohon ya fara da tebur a bakin sansanin leburori, daga baya ya sami shago a kasuwar Utako yana sayar da shinkafa da wake. Manniru ya karanta lauya, ya dawo ya buɗe ofis mai ɗaki ɗaya a bayan tasha. Masu zuwa wajensa ba manya ba ne. Masu shayi ne, da masu tura baro, da 'yan talla da ake kwashewa a titi a ajiye su mako biyu ba wanda ya san inda suke. A wannan aikin ya kafa ra'ayinsa, bai kuma sauya ba: duk wanda aka kulle alƙali bai ga fuskarsa ba an zalunce shi, ko da ɓarawo ne. Ba a ɗaure mutum don maganar bakinsa. Addinin kowa nasa ne.

Ra'ayin ya jawo masa zagi ta kowane ɓangare. Ya taɓa kare wani mai wa'azi da aka kama, 'yan boko suka ce ya zama ɗan tsattsauran ra'ayi. Shekara biyu bayan nan ya kare wata mawaƙiya, wasu malamai suka ce ya bar hanya. Shi da abokansa suka kafa Jam'iyyar Walwala da Adalci, wadda kowa ke kira Walwala. Ya faɗi zaɓen farko. A na biyu ƙauyukan Kwali da 'yan kasuwa suka tsaya masa, ya shiga majalisa. A zangonsa na uku shi ne shugaban jam'iyya, wadda ke da kujeru tara a zauren da ke ɗaukar mutum ɗari uku da sittin.

A wannan zangon aka kawo ƙudurin dokar da ta shafi abin da mutane ke rubutawa a waya. Yawancin sassanta ba wanda ya yi musu a kansu. Sashe na sha bakwai ne matsalar. Ya ce duk wanda aka zarga da yaɗa maganar da za ta tayar da hankali, ana iya tsare shi kwana casa'in kafin a kai shi kotu.

Manniru ya san 'yan majalisa da yawa ba sa son sashen, amma ba za su faɗa a fili ba. Yadda aka saba, mai jagorantar zama zai ce masu goyon baya su ce e, marasa goyon baya su ce a'a, ya saurari ƙarar da ta fi, ya buga guduma. A cikin wannan hayaniya ba a san wa ya ce me ba. Sai dai dokar zauren ta ba shugaban kowace jam'iyya damar miƙewa ya nemi a ƙirga, a kira kowa da sunansa. Idan aka kira suna, mutanen mazaɓa za su ji. Manniru ya faɗa wa 'yan jarida cewa ranar Alhamis zai miƙe ya nemi ƙirge.

Ranar Litinin da hantsi mataimakinsa, Honarabul Nababa, ya shigo ofis ya rufe ƙofa. Tare suka kafa jam'iyyar, tare suka kwana a tashoshi lokacin yaƙin neman zaɓe. Bai zauna ba.

“Shugaba, ka janye maganar ƙirgen nan.”

“Kai ne ka rubuta mini jawabin, Nababa.”

“Na sani. Ranar Asabar wasu mutum biyu suka same ni a wajen wankin mota. Ban san su ba. Suka gaishe ni da ladabi, suka faɗa mini sunan makarantar 'ya'yana da ajin kowannensu, suka tafi.” Ya goge goshi da bayan hannu. “Ni ba zan iya ba. Mu biyar ne muka yi magana. Ranar Alhamis ba za mu shigo zaure ba.”

“Su waye mutum biyun da suka same ka?”

“Wallahi ban sani ba. Kuma ba na son in sani.”

Ya fita ya bar Manniru shi kaɗai. Sai sakatariyarsa ta shigo da wasiƙun ranar. A cikinsu akwai wata ambulan ruwan ƙasa, ba tambari, ba sunan mai aikowa. Ya yage bakinta, hotuna uku suka zubo kan tebur.

Najwa ce, 'yarsu ɗaya tilo. Shekararta ashirin da bakwai, tana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta Sheda, a ɗakin gwajin irin shinkafa, tana kuma zaune a Gwagwalada ita da wata ƙawarta. A hoto na farko tana tsaye a bakin titi tana jiran bas ɗin ma'aikata. A na biyu tana sayen gasasshiyar masara. A na uku ta sunkuya tana buɗe ƙofar gidanta, kuma wanda ya ɗauka bai fi taku biyar daga bayanta ba.

Kafin ya gama tattara hotunan wayarsa ta yi ƙara, ba lamba a fuskarta.

“Oga Honarabul, ina kwana.” Muryar namiji ce, a natse, da irin Hausar da ake koya a Abuja. “Ka ga saƙo? Yarinyarka yana da kirki sosai. Kullum yana gaishe da mutane a hanya.”

“Wane ne kai? Me kake so?”

“Ba wahala, oga. Ba wanda ya ce ka ce e. Ranar Alhamis ka zauna kawai. Just sit down. Shi ke nan.”

Wayar ta katse.

Bai jira direba ba. Ya kira Najwa sau huɗu ba ta ɗauka ba, ya tuna ba a shiga ɗakin gwaji da waya, amma tunawar ba ta kwantar masa da hankali ba. Ya bi titin filin jirgi, ya hau hanyar Lokoja, yana wuce tireloli ta inda bai kamata ba. Duk motar da ta daɗe a madubinsa sai ya rage gudu ya ga ko za ta wuce. A Gwagwalada ya lura rigarsa ta jiƙe har ƙugu.

Da ya isa Sheda ya sa aka kira ta. Ta fito da farar rigar aiki, tana murmushi tana mamaki. “Abba? Lafiya?”

“Shigo mota.”

Ya miƙa mata ambulan ɗin. Ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta sake komawa kan na uku.

“Wannan Larabar da ta wuce ce,” ta ce a hankali. “Ranar na sa wannan gyalen. Abba, ba kowa a layin. Na duba, wallahi na duba, ba kowa.”

Ta ajiye hoton a cinyarta. Ya faɗa mata komai, da zancen Nababa da kiran wayar.

“To me za ka yi?”

“Zan zauna,” ya ce. Bai yi tunani ba kafin ya faɗa.

“Ka yi alkawari?”

“Na yi.”

Ta jingina kai da gilashi. “Ni ban shiga siyasa ba, Abba. Ba wanda ya tambaye ni. Shinkafa nake aunawa.”

Ya taho da ita gida ko jakarta ba ta koma ɗauka ba. Da la'asar ya kai rahoto wajen 'yan sanda, aka rubuta, aka karɓi kwafin hotunan, aka ƙara masa ɗan sanda ɗaya a ƙofar gida. Hajiya Barira ta saurari labarin tana tsaye a tsakar falo, ba ta yi kuka ba.

“Gidan nan kowa ya san shi,” ta ce. “Wanda ya san ƙofarta a Gwagwalada ya san tagar ɗakinta a nan. Ka kai ta wajen Baba Ɗangoggo.”

Ɗangoggo aminin mahaifin Manniru ne, Bakatsine, shekararsa ta haura saba'in, har yanzu yana zuwa shagonsa na hatsi a Utako. Gidansa yana cikin lungunan tsohon ƙauyen da ke bayan kasuwa, inda mota ba ta shiga, kuma baƙo ba ya taka layin sai mutum goma sun tambaye shi wa yake nema. Ranar Talata da safe Najwa ta sa dogon hijabin uwarta, suka tafi a tsohuwar motar mai aikin lambu.

Tsohon ya saurara yana jan carbi. Da Manniru ya gama, ya kira uwargidansa ya ce ta shiga da yarinyar ciki.

“'Yarka tana hannuna,” ya ce. “Mu ashirin da uku ne a gidan nan, ban da maƙwabta. Sai an bi ta kanmu.”

“Baba, na ce mata zan zauna.”

“To.”

“Ba za ka ce komai ba?”

“Me zan ce, Manniru? Ba 'yata aka ɗauka hoto ba. In ka zauna ba zan zage ka ba, kuma duk wanda ya zage ka a gabana zan kore shi daga shagona. Abin da ya rage tsakaninka ne da Ubangijinka.”

Hanyar komawa mota ta ratsa kasuwa. Ya so ya wuce da sauri, amma aka gane shi. Mai nama ya ɗaga wuƙa yana kirari. Wata 'yar Ibo mai sayar da robobi ta ce, “Honarabul, Thursday muna kallo fa!” Wani mai gyaran waya, Amir, ya bar teburinsa ya riƙe masa hannu da hannu biyu. Shekara uku da suka wuce an kama Amir saboda wani saƙon murya da ya tura yana kuka da harajin kasuwa, Manniru ne ya tsaya sai da aka kai shi gaban alƙali a kwana na biyu, aka sallame shi.

“Oga, na sa talabijin a shago saboda kai,” in ji Amir. “Duk layin nan a wajena za su kalla.”

Manniru ya ce Allah ya kai mu, ya zare hannunsa. A mota ya kifa kai a sitiyari. Wani ya ƙwanƙwasa gilashi, ya zabura har gwiwarsa ta bugi ƙarfe. Mai sayar da ruwan leda ne.

Laraba ta wuce masa kamar mai zazzaɓi. Bai je ofis ba. Duk ƙarar babur a layi sai ya leƙa ta labule. Ya kira Najwa sau tara, har ta ce, “Abba, don Allah, kana ƙara tsorata ni.” Ya kira sauran 'yan jam'iyyarsa uku da ba su bi Nababa ba, ya ce musu ya fasa neman ƙirge. Biyu suka yi ajiyar zuciya. Ta ukun, Honarabul Rukayyat, wadda ta fi kowa ƙuruciya a cikinsu, ta ce, “To, Shugaba. Ka fi mu sani.”

Da yamma ya sami Barira a kicin tana yanka alayyafo.

“Ke me kika gani?”

“Kada ka tambaye ni, Abban Najwa. In na ce ka miƙe wani abu ya same ta, ba zan yafe wa kaina ba. In na ce ka zauna, na san da wanda zan zauna a gidan nan har mu mutu.” Ta ajiye wuƙar. “Ni dai ina son 'yata.”

Ranar Alhamis ya isa majalisa ƙarfe goma. A farfajiya 'yan jarida suka yo kansa, ya ɗaga hannu ya wuce. Zauren ya cika fiye da yadda ya saba. Kujeru biyar a layinsa babu kowa. Ya zauna. Sanyin na'ura yana dukansa amma gumi yana bin bayansa. Ya ɗaga kai ya dubi benen 'yan kallo. Fuskoki sun kai ɗari, kowace tana iya zama ta mai wayar. Wani mai baƙar riga a layin gaba yana kallonsa, ko kuwa shi ya ga kamar yana kallonsa.

Aka fara bin ƙudurin sashe-sashe. Na ɗaya, e. Na biyu, e. Guduma tana sauka, akawu yana karanta na gaba. Wajen na goma bakinsa ya bushe har harshensa yana manne wa dasashi. A na sha biyar Rukayyat ta turo masa robar ruwa ba tare da ta dube shi ba.

“Sashe na sha bakwai,” in ji akawu, ya fara karantawa.

Manniru ya san kowace kalma a ciki, amma yau da ya ji su da muryar wani sai ya ji su daban. Duk wanda aka zarga. Kwana casa'in. Ya tuna Najwa tana da waya, tana rubutu a kai kamar kowace yarinya, tana ƙorafin wuta da hanya da albashi. Mai wayar nan ba zai ƙona hotunan ba don an zauna masa yau. Wata mai zuwa zai sake kira da wata buƙatar. Kuma idan sashen nan ya wuce, ba sai ya laɓe a bayanta da kyamara ba. Zargi kawai za a yi, a zo da takarda da rana tsaka a tafi da ita, shi da lauyancinsa na shekara ashirin da shida ba abin da zai iya sai ƙirga kwanaki.

Wannan tsoron ya danne na farko. Daga baya mutane sun kira abin da ya yi jarumta, shi kuwa ya san ba ita ba ce.

“Masu goyon baya su ce e.”

Zauren ya ɗauka.

“Marasa goyon baya su ce a'a.”

Muryoyi kaɗan, warwatse. Mai jagorantar zama ya ɗaga guduma.

Manniru ya sami kansa a tsaye. Ya danna makirfon, yatsansa ya zame, ya sake dannawa.

“Ranka ya daɗe.” Muryar ta fito siririya, kamar ba tasa ba. “A matsayina na shugaban Jam'iyyar Walwala da Adalci, ina neman a ƙirga. A kira kowa da sunansa.”

Hayaniya ta tashi. Wasu suna dukan tebur, wasu suna cewa ya zauna, wani daga baya yana ihun “Oda! Oda!” Ya riƙe gefen teburin da hannu biyu. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Jawabin shafi huɗu da aka shirya yana gida a aljihun wata rigar. Mai jagorantar zama ya kira akawu, suka buɗe littafin dokokin zaure, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya buga guduma ya ce buƙatar tana kan ƙa'ida, za a ƙirga.

Kafin a rufe ƙofofi mutane suka fara zamewa. Wannan ya kara waya a kunne ya fita, wancan ya naɗe hannun riga kamar mai zuwa alwala. Sun kai hamsin. Akawu ya fara kiran sunaye, aka ɗauki fiye da awa ɗaya. Wasu da suka yi ihun e ɗazu, da aka kira sunansu da na mazaɓarsu, suka dubi kyamara suka ce a'a. Manniru bai bi lissafin ba. Wayarsa tana aljihu tana ta girgiza a jikin cinyarsa, bai iya taɓa ta ba.

Masu e ɗari da talatin da bakwai. Masu a'a ɗari da arba'in da ɗaya. Aka cire sashe na sha bakwai.

Rukayyat ta rufe fuska da gyale tana kuka. Hannaye suka yi ta dafa kafaɗarsa. Ya ture su ya fita da sauri, ya ciro wayar a baranda. Kira shida, ba lamba. Saƙo ɗaya: “Ka zaɓa.”

Ya kira Najwa. A kashe. Ya kira Ɗangoggo, tana ta ƙara ba a ɗauka ba.

“Utako,” ya ce wa direba. “Yi sauri, don girman Allah.”

Ƙarfe uku ne, lokacin tashin makarantu, suka faɗa cunkoso tun kafin shataletalen Berger. Motoci sun tsaya cak. Ya kira Barira, ta ce ita ma tana ta gwadawa, muryarta ta karye ta kashe. Ya jira minti biyar, ya buɗe ƙofa ya fita. Ya tattare babbar riga a kafaɗa ya kama gudu a gefen titi, mutum mai shekara hamsin da biyu da hawan jini. Hularsa ta faɗi bai tsaya ba. Direbobi suna leƙowa, wasu suna kiran sunansa suna tafi. Ya ratsa tasha tsakanin dogayen motocin Legas da Onica, ya bi ta bayan kasuwa, ƙirjinsa kamar ana soka masa ƙusa. A bakin layin Ɗangoggo ya ga taron maza tsaye, zuciyarsa ta yanke.

Maƙwabta ne. Tsohon ne ya tara su tun da aka ga Manniru ya miƙe, suka tsare bakin layin ta gaba da ta baya. Wayarsa tana shago, ya manta ta.

Najwa tana tsakar gida a kan tabarma, tire na wake a gabanta, ba ta tsince ko ɗaya ba. An ɗauke wuta tun safe, wayarta ta mutu, a rediyon matan gidan ta ji komai. Ya durƙusa a gabanta yana haki.

“Ka ce za ka zauna,” ta ce.

“Najwa…”

“Na tambaye ka, ka ce ka yi alkawari. Da ka ce mini ba za ka iya ba, da na san abin da nake jira. Ina zaune a nan na ji muryarka a rediyo, na ce shi ke nan, yanzu za su shigo.” Hawaye suna zuba amma muryarta ba ta ɗaga ba. “Awa ɗaya ana kiran sunaye, Abba. Awa ɗaya ina kallon ƙofar can.”

Ya so ya yi mata bayanin abin da ya zo masa a zauren. Ya fara, ya ji maganar ta yi kama da jawabi, ya bari.

Ba ta koma Sheda ba. Ta yi wata guda a gidan Ɗangoggo, sannan ta ajiye aikin da ta yi shekara huɗu tana nema, ta tafi Kano wajen ƙanwar uwarta. Idan ya kira takan gaishe shi ta miƙa wa innarta wayar.

Mako uku bayan ƙirgen, da rana tsaka, aka cinna wa rumbunsa wuta a gonarsa ta Yangoji. Doya da masarar shekara guda suka ƙone. Manoman da ke kusa sun ga babur biyu, ba su ga fuska ba. Binciken bai kai ga kowa ba, kuma mai wayar bai sake kira ba. Wannan shirun ya fi damun Manniru fiye da wutar. Ya daina zama kusa da taga a gidan abinci. Ya sauya hanyar zuwa masallacin Juma'a kowane mako. Ya rame har hulunansa suka yi masa yawa.

Nababa da mutum huɗun nan suka koma babbar jam'iyya kafin ƙarshen shekara. Sun haɗu sau ɗaya a lif, Nababa ya ce, “Shugaba,” ya sunkuyar da kai har aka buɗe ƙofa. Manniru bai riƙe shi a zuci ba. Ya san bambancin da ke tsakaninsu bai kai yadda jaridu suka rubuta ba.

A zaɓen da ya biyo baya 'yan kasuwa sun fito masa, amma ƙauyuka sun juya, suna cewa shekara sha biyu yana maganar 'yanci hanyarsu ba kwalta. Ya faɗi da ƙuri'a dubu biyu da wani abu. Walwala ta tsira da kujeru uku. A taron jam'iyya, a wani ƙaramin ɗakin otal a Jabi da bai cika ba, ya miƙa wa Rukayyat shugabanci. Ta raka shi har mota.

“Ana cewa za su dawo da sashen da wata lambar,” ta ce. “In sun dawo da shi, ni ce zan miƙe. Shugaba, yaya ake yi?”

“Kada ki yi wa kowa alkawari a gida,” ya ce. “Kuma ki ci abinci kafin ki shiga. Ni ban taɓa iyawa ba.”

Najwa ta zo Abuja da Babbar Sallah, shekara biyu bayan tafiyarta. Ta sami aiki a wani kamfanin iri a Kano, an kuma sa ranar aurenta. Washegarin Sallah ta ce ya kai ta Yangoji ta ga gonar. Suka zaga tare, tana tsinkar ganyen masara tana dubawa, ta ce masa irin da yake shukawa tsoho ne, za ta aiko masa da wani. A inuwar sabon rumbun suka tsaya.

“Abba, in da za a sake, za ka miƙe?”

Ya dubi rumbun.

“Ban sani ba. Wasu ranakun nakan ce e. Ranar da na tuna fuskarki a gidan Baba Ɗangoggo nakan ce a'a.”

“Har yanzu in zan buɗe ƙofa sai na waiwaya,” ta ce.

“Ki yafe mini.”

“Na yafe tun tuni. Mantawa ce ban yi ba.”

Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Kwali. Ta ce su tafi kafin hanyar gonar ta jiƙe, ta karɓi makullin ta ce ita za ta tuƙa.